Aiki daga gida ko aiki a ofis: tambayoyin da ma'aikata suke yawan yi a Damagaram

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa ma'aikatu da yawa a duniya suka rufe ƙofofinsu, maganar yin aiki daga gida ta shiga bakin mutane, kuma har yau ba ta fita ba. A nan Damagaram tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke maimaituwa tsakanin ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da matasan da suka gama jami'a, da matan aure masu takardun ilimi, da masu ƙananan kamfanoni. Mafi yawan abin da ake karantawa a kan wannan batu an rubuta shi ne domin mutumin da wuta ba ta ɗaukewa a gidansa, wanda kuma ba mai yi masa sallama a ƙofa da hantsi. Amsoshin da ke ƙasa an auna su ne da halin garinmu.

Me ake nufi da aiki daga gida, kuma sabon abu ne a wurinmu?

Yin sana'a a gida tsohon abu ne a Damagaram. Dukawa da masu ɗinkin hula da malaman zaure, da mata masu alkaki da ƙuli-ƙuli da fura, duk a cikin gida ko a bakin ƙofa suke neman abincinsu tun kaka da kakanni. Abin da yake sabo shi ne mutum ya kasance yana da shugaba da abokan aiki a wani wuri, a Yamai ko a wata ƙasa, ya karɓi aiki ta intanet ya mayar ta intanet. Wani injiniya Ba'amurke, Jack Nilles, ya fara nazarin wannan tsari tun 1973, amma bai zama ruwan dare ba sai da annoba ta zo.

Iri uku ne. Akwai ma'aikaci mai albashi da ba ya zuwa ofis sam; akwai wanda ya raba mako, wasu kwanaki a ofis wasu a gida; akwai kuma mai zaman kansa da ake biya bisa aikin da ya kammala. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai idan aka zo maganar kuɗi da ta doka, kamar yadda za a gani a amsoshin da suka shafe su.

Wane aiki ne ake iya yi daga gida, wane ne ba ya yiwuwa?

Ma'aunin mai sauƙi ne: idan za a iya aika sakamakon aikin a duba ingancinsa ba tare da an ga fuskar mai shi ba, to yana yiwuwa. Fassara tsakanin Faransanci da Hausa da Ingilishi, lissafin kuɗi, shigar da bayanai, rubuta rahoto, zanen talla, tsara manhaja da amsa kiran abokan ciniki duk sun shiga wannan sahu. Ungozoma da malamin jinya, da malamin firamare, da injiniyan da ke kula da na'urori a matatar mai ta SORAZ, da mai buga hatimi a takardar haihuwa, dole su kasance inda aikin yake. A tsakani akwai ma'aikatan da suke fita ƙauyukan Mirya ko Magarya ko Tanut su tattaro bayanai: fitar ba ta da madadi, amma rubuta rahoton bayan an dawo ba ya buƙatar kujerar ofis.

Mece ce babbar ribar aiki daga gida ga ɗan Damagaram?

A manyan birane irin su Legas, abin da ake fara ambata shi ne tsira daga cunkoson hanya. Wannan riba ƙarama ce a wurinmu, domin daga Karkada ko Garin Malam zuwa tsakiyar gari tafiyar mintuna ce a kan babur. Babbar ribar ita ce zama a gari. Hedikwatar kusan kowace ma'aikata da ƙungiya tana Yamai, wajen kilomita 900 daga nan, tafiyar yini guda cur a motar fasinja. Wanda aiki ya kai can yana biyan haya mai tsada, sau da yawa yana riƙe da tukunya biyu, ɗaya can ɗaya nan, kuma idan tsohuwarsa ta kwanta rashin lafiya sai dai ya ji a waya. Aikin da zai bar mutum kusa da iyayensa da iyalinsa, da albashin babban birni a hannunsa, ba ƙaramar ni'ima ba ce, kuma gari ma yana amfana idan masu iliminsa suka daina ƙaura.

Bayan wannan akwai sararin tsara lokaci, da samun jam'i a masallacin unguwa, da sauƙi ga mai lalurar ƙafa wanda hawa babur kowace safiya yake wahalar da shi.

To me ofis yake ba ma'aikaci wanda gida ba ya ba shi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fi tsayawa a kanta, domin ofis yana ba da abubuwa da yawa waɗanda ba a rubuta su a takardar albashi, kuma mutum ba ya sanin darajarsu sai ranar da ya rasa su. Akwai wuta, da janareto idan ta ɗauke. Akwai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu. Akwai intanet da na'urar buga takardu da tebur da kujera. Akwai mai gyaran kwamfuta idan ta ƙi tashi. Akwai kuma ƙofar da mai gadi yake tsaye a bakinta, wadda ke sa duk wanda ya zo nemanka ya san cewa kana bakin aiki. Duk wanda ya koma gida da aikinsa, shi zai sayi waɗannan da kuɗinsa, ko ya nemo su da lallashi a wurin iyali da maƙwabta.

Na biyu, ofis yana ba da mutane. Tambayar da za ta ɗauki kwana biyu a saƙo ana warware ta a minti biyu idan abokin aiki yana teburin gefe. Labarin guraben aiki da na sauyin shugabanni a wurin shan shayi ake fara jinsa. Idan an yi wa ma'aikaci haihuwa ko rasuwa, abokan ofis ne suke yin karo-karo su zo a tare. A ganina, duk lissafin da bai sa waɗannan a ma'auni ba, bai cika ba. An faɗaɗa ɓangarorinsa a amsoshin wuta, da baƙi, da sabon ma'aikaci.

Yaya za a yi da matsalar wutar lantarki da zafi?

Kada kowa ya amince da aiki daga gida kafin ya warware wannan. Wani babban kaso na wutar yankinmu daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. An ga haɗarin hakan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar saboda takunkumin da ya biyo bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli, ba a kuma maido da ita ba sai a Maris na 2024. Ko babu irin wannan, a bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 kowa kuma yake kunna fanka, ɗaukewar wutar NIGELEC ba baƙon abu ba ce. Shugaban da ke wata ƙasa zai karɓi uzurin "an ɗauke kuran" sau ɗaya ko sau biyu, daga nan sai ya fara neman wani.

Abin sauƙin shi ne kayan aikin ba su da cin wuta sosai. Kwamfutar hannu tana cin wajen wat 45 zuwa 65, na'urar intanet wajen wat 10, fanka kuma wajen wat 50. Idan aka haɗa su na tsawon awa takwas, abin bai wuce kimanin kilowat-awa ɗaya ba, wanda ƙaramin tsarin sola mai batir mai kyau zai iya ɗauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi faifan sola babba a haɗa shi da batir mai arha, ko kuma a bari a jona firji da talabijin a kan layin da aka tanada domin aiki. Sai ƙarfe uku na rana batirin ya mutu ana tsakiyar taro. A ware layin aiki daban, kuma a nemi mai haɗa sola da aka san aikinsa.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. A lokacin hunturu, kwana kaɗan sun isa faifan sola ya yi fari fat ya rage jan wuta, kuma hazo yana shiga fankar kwamfuta har ta riƙa ɗaukar zafi tana kashe kanta. A riƙa goge faifan da sassafe, a rufe kwamfuta da ƙyalle idan an tashi, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma. Masu wannan aiki da yawa sun gano cewa daga bayan asuba zuwa hantsi ne lokacin da kai yake ja kuma ɗaki bai ɗauki zafi ba, don haka a nan suke sa aiki mai nauyi.

Intanet ɗin da muke da shi ya isa?

Ya isa ga rubutu da aika takardu, amma taron bidiyo yana buƙatar shiri. Ƙarfin layukan Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har ma daga ɗaki zuwa ɗaki, musamman a gidajen ƙasa masu kaurin bango irin na Birni. A gwada layi a ainihin inda za a zauna, a ainihin lokacin da za a yi taro, kuma a riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban domin idan ɗaya ya faɗi. Taron bidiyo yana iya cin wajen giga ɗaya a awa guda, saboda haka kashe kyamara idan ba magana ake yi ba yana rage kashe kuɗi sosai. Tun 2025 Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, yana aiki a Nijar bisa izini, sai dai kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi dacewa da wanda aikinsa ya riga ya kafu, kuma ita ma na'urar wuta take ci.

Da gaske ne an fi yin aiki mai yawa a gida?

Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai ta ƙasar Sin, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Bloom na jami'ar Stanford. An ɗauki ma'aikatan amsa waya kusan 250, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka yi wata tara suna aiki a gida kwana huɗu a mako. Aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, kuma barin aiki ya ragu da rabi a cikinsu. Amma a lura da sharuɗɗan shiga gwajin: sai wanda yake da ɗaki nasa na kansa, da intanet mai ƙarfi, kuma ya yi aƙalla wata shida a kamfanin. Ma'aikata nawa ne a garinmu suka cika waɗannan ukun? Sannan da gwajin ya ƙare aka ba kowa zaɓi, kusan rabin na gida sun koma ofis, galibi saboda kaɗaici.

Wani binciken a kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa da kowa ya koma gida, hulɗa tsakanin sassa daban-daban ta ragu, kowane rukuni ya koma magana da ƴan cikinsa. Abin da za a ɗauka shi ne aikin da mutum yake yi shi kaɗai, mai ƙidayuwa, yana iya ƙaruwa a gida idan akwai natsuwa, amma aikin da yake buƙatar shawara da haɗa kai yana raguwa.

Zama a gida yana hana ƙarin girma?

Yana iya ragewa. A gwajin Ctrip da aka ambata a sama, duk da ƙaruwar aikinsu, damar ƙarin girma ga na gida ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta su da takwarorinsu masu ƙoƙari iri ɗaya. A wurinmu, inda gaisuwa da sanayya suke da nauyi, ina ganin abin zai fi haka. Maganinsa shi ne aika taƙaitaccen rahoto kowane mako ba tare da an tambaya ba, da yin magana a taro, da zuwa da ƙafa duk lokacin da aka yi babban zama ko wani abokin aiki ya yi sha'ani.

Yaya zan yi da baƙi da aike-aike, tunda kowa ya san ina gida?

Wannan ya fi matsalar wuta wuyar magani, domin ba a sayen maganinsa a kasuwar Dole. A al'adarmu, wanda yake gida yana da sarari. Ana tsakiyar taro da shugaba sai a ji sallama a zaure: ƙanin mahaifi ne ya zo daga ƙauye, ba kuwa yadda za a yi a bar shi tsaye. Kafin a gama gaisuwa, an tambayi gida da gona da dabbobi, an kawo ruwa, rabin awa ta tafi. Inna za ta aiko a kai ta asibiti tunda "ai yana nan"; maƙwabci zai turo yaro a rubuta masa takarda; abokai a fada za su ce tunda ba biro za ka ba, ka zo ga shayi ya nuna. Ba ɗayansu da ya yi laifi. Zumunci a ƙafa yake, kuma ranar da wani abu ya same ka, su ne za su cika ƙofar gidanka.

Abin da ke aiki shi ne a sanar da manya tun farko, cikin ladabi, ba ranar da abin ya faru ba. Mutum ya je har ɗaki ya durƙusa ya ce: "Baba, aikin nan da nake yi a ɗaki, shi ne biro ɗina, daga safe zuwa azahar ana ƙidaya mini lokaci, amma bayan la'asar duk abin da kuke so ina nan." Idan babba ya fahimta, shi da kansa zai riƙa kare ka a wurin sauran. A koya wa yara amsar da za su ba baƙo: a shigar da shi, a ba shi ruwa da wurin zama, a ce mai gida yana bakin aiki zai fito da azahar. Sa tufafin fita da safe, da zama a wuri guda da aka sani, suna taimaka wa mutanen gida su ɗauki abin da gaske. Jana'iza kuwa ba ta jira, kuma ya kamata shugaba ya san haka tun ranar da ake ƙulla yarjejeniya.

Wanda gidansu babba ne, mai sassa da yawa, ya fi masa sauƙi ya kama ɗan shago ko ɗaki a wata unguwa, shi kaɗai ko su biyu su uku su raba kuɗin haya da sola.

Ga mace fa, musamman matar aure mai yara?

A nan ribar ta fi girma, haɗarin ma ya fi girma. Akwai mata da suka gama Jami'ar André Salifou ko wasu makarantu da sakamako mai kyau, amma takardunsu suna cikin akwati, ko don maigida bai amince da fita kullum ba, ko don goyo, ko don aikin yana wani gari. Aiki daga gida yana buɗe musu ƙofar da take rufe, kuma mai shayarwa tana samun kusanci da jaririnta ba tare da ta bar albashi ba. Ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ma'aikatu su ɗauki tsarin da muhimmanci.

Sai dai idan ba a yi hattara ba, aiki biyu za ta riƙa yi a lokaci guda. Girki yana jiranta, yara sun taso daga makaranta, famfo bai kawo ba sai an tare mai ga-ruwa a ƙofa, ga rahoto ana jira kafin ƙarfe biyu. Macen da ta fita ofis kowa ya san ba ta nan, sai a yi wani tanadi. Wadda take ɗaki kuwa ba a ganin dalilin yin tanadin. Ƙarshenta sai ta mayar da aikin albashi cikin dare bayan kowa ya kwanta, lafiyarta ta biya. Kafin ta karɓa, ya kamata su zauna da maigida a yanke wa zai riƙe yara a awoyin aiki, wa zai yi cefane, a kuma ware kuɗin mai taimako daga cikin albashin idan da hali. Amsar da ta shafi raba mako tana da amfani a nan.

Na gama karatu yanzu. In nemi aikin gida ko na ofis?

Idan akwai zaɓi, a fara da ofis. Shekara biyu na farko ba aiki kaɗai ake yi ba, koyo ake yi: yadda ake rubuta wasiƙar hukuma, yadda ake magana a gaban babba, yadda ake ƙin abu ba tare da an ɓata wa kowa ba, yadda ake gyara kuskure kafin ya yi nisa. Mafi yawan wannan da ido da kunne ake ɗaukarsa, daga wanda ya riga ka. Sabon ma'aikaci a gida yana jin nauyin yawan tambaya a saƙo, sai ya yi shiru ya yi ta kuskure ba wanda ya gani. Idan kuwa aikin intanet ne kaɗai ya samu, a karɓa, domin guraben aiki ba su da yawa, amma a nemi wani gogagge a gari da za a riƙa kai masa aiki yana dubawa.

Akwai illa ga lafiya?

Akwai. Zama a tabarma da kwamfuta a cinya na awoyi yana kawo ciwon baya da wuya. Tebur da kujera masu daidai tsayi, ko na kafinta ne, sun wajaba. Babbar illar ita ce aikin da ba shi da lokacin tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Faransa ta kai ga sanya haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki a cikin dokarta tun 2017. A yanke lokacin rufe kwamfuta, misali da kiran magariba, a kuma gaya wa abokan aiki.

A wajen kuɗi, wanne ya fi riba?

Sai an ɗauki takarda an rubuta. A gefe guda a sa abin da za a daina kashewa: man babur ko kuɗin kabu-kabu, abincin rana a waje, da haya a wani gari idan akwai. A ɗaya gefen a sa kuɗin intanet na wata, da ƙarin kuɗin wuta, da sola da batirin da za a sake bayan wasu shekaru, da gyaran kwamfuta. Wanda ofishinsa yake cikin Damagaram, kuma ma'aikatar ba za ta biya masa komai ba, sau da yawa asara zai yi idan ya koma gida. Wanda aikin ya cece shi daga zaman Yamai kuwa, ribarsa a fili take.

Mai aiki da ƙasar waje ya tambayi kuɗin da za a biya shi da hanyar da zai iso. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka albashin yuro ba ya hawa da sauka, saɓanin dala ko naira. A san wanda zai ɗauki kuɗin turawa. A kuma duba agogo: lokacinmu ɗaya ne da na Faransa a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya. A faɗi maganar sallar Juma'a da ta watan azumi tun kafin a sa hannu.

Me ya kamata a rubuta a yarjejeniya?

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a mako a matsayin lokacin aiki na ƙa'ida, kuma ma'aikaci mai albashi yana da haƙƙin a yi masa rajista a asusun CNSS, mai kula da fansho da tallafin ma'aikata. Komawa gida ba dalili ba ne na zubar da waɗannan. Abin da ake yawan yi wa mutane shi ne a ce tunda ba sa zuwa ofis, an mayar da su masu zaman kansu, sai hutun shekara da na haihuwa da kuɗin fansho su tafi ba su ankara ba. A rubuta awoyin aiki, da wanda zai biya intanet da wuta, da mai kwamfutar da wanda zai gyara ta, da abin da za a yi idan layi ya katse, da damar komawa ofis idan tsarin bai yi ba. Wanda bai gane wani sashe ba ya kai takardar ofishin sufeton ƙwadago kafin ya sa hannu.

Yaya za a kare sirrin aiki, kuma yaya ake gane aikin damfara?

Kwamfutar aiki ba ta kallon fim ɗin yara ba ce. A sa mata kalmar sirri, a kulle ta ko alwala za a je, kada a bar sunayen marasa lafiya ko na masu karɓar tallafi a buɗe a tsakar gida; Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Game da damfara kuwa, alama ɗaya ta isa: duk aikin da aka ce sai ka fara biyan kuɗin rajista ko na horo, ko sai ka kawo wasu mutane kafin a biya ka, ba aiki ba ne. Irin waɗannan tallace-tallace sun cika WhatsApp da Facebook, kuma matasa marasa aiki suke nema.

Raba mako tsakanin gida da ofis fa?

Ga wanda ofishinsa yake cikin gari, wannan ne na fi ba da shawara. Wani gwaji da aka yi a kamfanin Trip.com da ma'aikata 1,612, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2024, ya bar rabinsu suna aiki a gida ranakun Laraba da Juma'a na tsawon wata shida. Barin aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman a tsakanin mata da masu zuwa daga nesa, kuma ba a ga raguwa a ingancin aiki ko a ƙarin girma ba. Ba kowa ne ya gamsu ba, domin Amazon ta umarci ma'aikatan ofisoshinta su koma kwana biyar a mako daga farkon 2025. Sharaɗin nasarar tsarin shi ne kowa ya zo a ranaku iri ɗaya. Idan kowa ya zaɓi tasa ranar, sai mutum ya zo ya tarar da kujeru. A garinmu ana iya bin yanayi ma: a yawaita zuwa ofis a bazara saboda na'urar sanyaya ɗaki da janareto, a yawaita zama gida a lokacin da zafi ya sauka.

Yaya zan gabatar wa shugabana da buƙatar, kuma me shi zai duba?

A je masa da tsari a rubuce, ba da koke ba. A nemi gwaji na wata ɗaya ko biyu, kwana ɗaya ko biyu a mako; a faɗi ainihin aikin da za a kammala a waɗannan ranaku, da lokacin da za a same ka a waya, da tanadin da ka yi na wuta da layi na biyu. Ana iya cewa: "Ranka ya daɗe, rahoton wata yana ɗaukata kwana huɗu a nan saboda shige da fice; a ba ni Laraba biyu a gida a gani ko zai fito da wuri." Shugaba kuma ya auna abin da aka kawo masa, ba yawan zaman kujera ba, ya guji kiran waya kowace awa domin tabbatar da mutum yana zaune, kuma ya fito da ƙa'ida ɗaya ga duk masu aiki iri ɗaya, domin idan aka ba wani aka hana wani ba tare da dalili a fili ba, ƙorafin son kai ne zai biyo baya. A ƙarshen wa'adin gwajin a zauna a duba rahotannin da aka kammala da ranakun da suka iso, sannan a yanke ko a ci gaba ko a koma yadda ake.